Makaron Excel ya daina tura farashi zuwa X, 401 kawai yake ba ni, don Allah a taimaka

Sakataren_Albasa, Aliero

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Don Allah masu ilimin kwamfuta ku agaza mani, yau kwana shida ke nan ina fama da abu guda kuma na rasa inda zan kama.

Ni ne sakataren wata ƙungiyar 'yan albasa nan Aliero, kun san yanzu da sanyin nan albasa ta fara fitowa sosai, motoci na ta lodi zuwa Kudu, to kullum da safe idan munka zagaya kasuwa ina shigar da farashi cikin Excel, babban buhu da ƙarami, sabuwa da wadda ta sha iska. Ɗan yayana shi ne ya rubuta mana makaro, wato ɗan shiri mai aiki da kansa cikin Excel, da yaren VBA kafin ya tafi bautar ƙasa, maɓalli guda nake dannawa sai ya haɗa layukan ya mai da su saƙo guda ya tura shafinmu na X, wato tsohuwar Twitter, dillalanmu na Legas da Fatakwal can suke dubawa kafin su kira waya, abin ya rage mana gardama ƙwarai don kowa ya ga farashi da idonai. Kusan shekara guda muna haka lafiya lau.

Sai makon jiya wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone tsohuwar kwamfutar ofis, Allah Ya sa ina da fayil ɗin cikin filash. Munka sayi laftof tokumbo a Birnin Kebbi, na zuba fayil ɗin. Da farko ya tsaya a layin da ke da HMACSHA1, na samu yaron a waya da ƙyar ya ce in kunna .NET Framework 3.5 a cikin Windows, na kunna, wannan ya wuce. Amma daga nan duk sanda na danna sai amsa ta dawo 401, kalma guda ce ciki, Unauthorized, babu wani bayani ko kaɗan.

Abin da na gwada: na sake makullan, wato lambobin sirrin da X ke bayarwa don makaro ya iya rubutu da sunanmu, har sau biyu, da na ga bai yi ba na buɗe sabon app gaba ɗaya a shafin masu haɗa manhaja na X na kwafo makullansa guda huɗu, na canza layin data, na cire Office na sake sawa. Duk dai 401. Yaron inda anka tura shi sabis ba ya da kyau, minti biyu waya ta yanke. Na sa hoton allon a ƙasa don ku gani.

Ɗan_Jega

Wa alaikumus salam. Malam Sakatare kafin komai don Allah goge hoton nan yanzu yanzu, makullanka huɗu duk suna bayyane a sama, har da na sirrin biyu. Duk wanda ya kwafe su zai iya rubutu da sunan ƙungiyarku, ya sa farashin ƙarya ya jawo maku rigima da dillalai. Ka goge sannan ka koma ka sake sababbi, don gogewar kaɗai ba ta isa ba tunda ba ka san wa ya riga ya ɗauka ba.

Batun matsalar kuma ni ina ganin ka bar wahalar makulli huɗun nan, akwai wanda ake ce wa Bearer Token a wannan shafin, guda ɗaya ne dogo, ka sa shi kawai a kan saƙon, ni da shi na taɓa jawo bayanai kuma bai ba ni matsala ba.

Malama_Gusau

Maganar goge hoto gaskiya ce, a yi ta da gaggawa. Amma ƙanena Ɗan Jega, wancan Bearer Token da ke kan shafin na app ne shi kaɗai, ba ya ɗauke da sunan kowane mai shafi, shi ya sa ya yi maka aiki wurin karanto bayanai. Rubutu kuwa dole a san da sunan wa za a yi shi, in Malam ya sa shi zai tashi daga 401 ya faɗa 403 ne kawai, ya ƙara rikicewa.

Malam Sakatare bari in ɗan yi maka bayanin abin da makaron yake yi a ɓoye don ka san inda za ka duba, tunda na ga HMACSHA1 na san tsarin OAuth 1.0a yaron ya bi. A wannan tsarin makullan sirrin biyu ba sa tafiya ta intanet ko kaɗan. Abin da ake yi shi ne, makaro zai jera wasu bayanai bi da bi kamar jerin abacada, makullin app, wata lamba da ba a maimaitawa da ake kira nonce, sunan hanyar sa hannu, lokaci, token ɗinka wato makullin da ke wakiltar shafinka, da lambar 1.0, sai ya haɗa su da kalmar POST da adireshin da za a tura, ya zama dogon layi guda, sannan ya buga wa layin nan hatimi da makullan sirrin biyu an haɗa su da alamar & a tsakani. Hatimin ne yake tafiya. Can ma sabar X za ta sake gina layin da kanta ta buga nata hatimin, in sun zo daidai ta buɗe ƙofa, in harafi guda ya bambanta ta ce 401. Kuma ko hatimi ya yi daidai, in lokacin da ka rubuta ya yi nisa da nasu agogon, nan ma 401 ne, don kada wani ya tare saƙonka a hanya ya ajiye ya sake tura shi gobe.

Abin haushin shi ne a tsohon tsarinsu na 1.1 suna faɗa maka dalili, lamba 32 in hatimi ne, lamba 135 in lokaci ne, amma sabon tsarinsu na 2 da kowa ya koma tun canje-canjen 2023 sai ya ce Unauthorized ya yi shiru, kai za ka nemo ciwon da kanka.

To tunda kod ɗin ya yi shekara yana aiki kuma ba wanda ya taɓa shi, ban zargi hatimin ba, abin da ya canza kwamfuta ce. Ka duba mani abu uku. Na farko, da ka kwafo makullan ka tabbata babu fili a gaba ko a baya, yakan biyo kwafi ba a sani ba, sa =LEN a kan gidan ka gwada da =LEN(TRIM) ka ga ko lambar ta bambanta. Na biyu agogon laftof ɗin. Na uku ka kwafo mana layin da ke lissafa oauth_timestamp, shi kaɗai, ban da makulli.

Sakataren_Albasa, Aliero

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na goge hoton na sake makullai, wallahi hankalina bai kai nan ba sam, Ɗan Jega Allah Ya biya ka.

Malama na duba, babu fili ko guda. Agogo kuwa daidai yake da wayata har minti, yanzu haka duka biyun 8:14 suke nunawa, kwanan wata ma daidai, wanga shi ne abu na farko da yaron ya ce in duba tun ranar. Layin lokacin kuma ga abin da na gani, akwai GetSystemTime a sama sannan a ƙasa DateDiff da "s" da 1/1/1970. Ban san mi suke nufi ba amma haka suke.

Baba_Mai_Gyara, Birnin Kebbi

Sakatare sannu da fama. Ni ban iya rubuta kod ba, gyaran kwamfuta nake yi shekaru da yawa, amma da ka ce tokumbo kuma ka ce agogo daidai sai na tuna abin da nake gani kusan kullum a shago. Kwamfutocin nan da ke zuwa daga waje, ko waɗanda anka yi wa sabon Windows cikin gaggawa, da yawansu yankin lokacinsu na Amurka ne, za ka ga an rubuta Pacific Time. Yaran shago ba sa canza yankin, sai su kashe saitin da ke ɗauko lokaci daga intanet su juya agogon da hannu ya yi daidai da namu, mai saye ya duba ya ga daidai ya tafi. A fuska lafiya lau, amma a cikinta kwamfutar tana ɗauka tana can gabar yammacin Amurka ne.

Ka danna dama a kan agogon, ka shiga wurin gyara lokaci, kar ka kalli awa, ka kalli layin yankin. Namu shi ne wanda anka rubuta West Central Africa, UTC+01:00. In ba shi ka gani ba to ka faɗa wa Malama.

Sannan ka lura kwana biyu, in ka kashe ta ta kwana ka ga agogo ya koma baya da safe, wannan kuma ƙaramin batirin cikin allo ne mai kama da kwabo ya mutu, canza shi ba tsada.

Malama_Gusau

Baba Allah Ya ƙara girma, ina kyautata zaton ka kama ɓarawon. Ga dalili. GetSystemTime ba agogon da ke kusurwar allo yake karantawa ba, lokacin duniya na UTC yake bayarwa, wanda Najeriya ke gabansa da awa guda, kuma abin da X ke so ke nan, adadin daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970 a lissafin UTC. Yaron ya yi daidai da ya bi ta nan. Da yawa suna amfani da Now ne kai tsaye su manta da awa gudan nan ta daƙiƙa 3600 su yi ta shan 401. Amma hanyar tasa ta dogara ne ga kwamfuta ta san a ina take. In tana ɗauka tana yankin Pacific, wanda a sanyin nan yake bayan UTC da awa 8, kuma an juya ta da hannu ta nuna 8 na safe, to a lissafinta UTC ƙarfe 4 na yamma ne, alhali na gaskiya 7 na safe ne. Awa 9 cur, daƙiƙa 32400, saƙonka yana isa da lokacin da bai zo ba tukuna.

Malam in kana so ka gani da idonka kafin ka taɓa komai, a bayan layin send ka ƙara MsgBox, wato akwatin da ke fito da saƙo a allo, da getResponseHeader("Date"), ko da 401 ce sabar tana dawo da nata agogon a nan, da GMT a ƙarshe, wato UTC ɗin dai. In komai lafiya ya kamata ya zama awa guda bayan wayarka, sai ka sa wani MsgBox ɗin ya nuna maka awar da GetSystemTime ya bayar ka gwada su.

Kuma kar ka tsorata, da zarar ka canza yankin zuwa namu agogon zai yi tsalle ya nuna yamma, wannan shi ne shaidar. Sai ka kunna ɗauko lokaci daga intanet ka danna daidaitawa ya dawo hanya.

Sakataren_Albasa, Aliero

Allahu akbar. Baba kamar kana tsaye bayana, Pacific ɗin nan ce rubuce. Na canza, agogo ya tashi daga tara saura ya koma shida saura na yamma kamar yadda Malama ta ce, na daidaita shi da intanet ya dawo. Na danna maɓalli, 401 ta tafi!

Amma jama'a yanzu wata ce ta fito, 403, wagga kam ta zo da dogon Turanci, na ga oauth1 app permissions a ciki. Saƙon bai hau ba har yanzu.

Malama_Gusau

Alhamdulillah, wannan ci gaba ne babba, 401 na nufin ba su gane ka ba, 403 na nufin sun gane ka sarai amma ba ka da izinin abin da ka nema. Kuma ina ganin sabon app ɗin da ka buɗe ne ya jawo, don sabo yana zuwa da izinin karatu kaɗai, tsohon da yaron ya saita shi ke da izinin rubutu.

Hanya biyu ce. In tsohon yana nan ka koma masa ka sake makullansa, shi ya fi sauƙi. In kuma sabon za ka riƙe, ka shiga saitinsa wurin User authentication settings ka zaɓi Read and write, zai nemi adireshin dawowa da adireshin shafi, ka cike su ka ajiye. To nan ne mutane da yawa ke maƙalewa, canza izinin ba ya shafar token ɗin da ka riga ka ciro, shi yana nan da izinin ranar da aka haife shi. Dole bayan ka ajiye ka koma wurin makullai ka sake Access Token da sirrinsa, ka duba ƙaramin rubutun da ke ƙasansu ya nuna an yi su da izinin karatu da rubutu, sannan ka zuba su cikin fayil. Ka kuma tabbata app ɗin yana ƙarƙashin Project, don adireshin /2/tweets ba ya karɓar wanda ke tsaye shi kaɗai a waje. Kar ka gauraya, huɗun duka su fito daga app guda, in ka haɗa biyu na tsoho da biyu na sabo 401 za ta dawo ka ɗauka agogo ne kuma.

Sannan ka leƙa wane tsarin kuɗi asusunku yake kai, tun 2023 suke ta sauya ƙa'idar abin da ake bari a tura da abin da sai an biya, ka karanta abin da ke dashbod ɗinka yau kar ka dogara da abin da yaron ya sani bara.

Abu_Mafara

Ni shawara ce daban in an yarda. Sakatare mutanenmu manoma da 'yan kasuwa nawa ne ke X? A nan wajenmu kowa Facebook da WhatsApp yake. Ni shafin Facebook nake turawa farashin hatsi daga Google Sheets, kuma can babu wannan lissafin hatimi da agogo, token guda ne na shafi. Wahalarsa dai ita ce wanda ka fara cirowa ba ya wuce awa ɗaya zuwa biyu, sai ka musanya shi da mai kwana 60, daga shi ka ciro na shafin wanda ba shi da ranar mutuwa, da izinin pages_manage_posts. Shi ma ranar da na canza kalmar sirrina ya mutu, kuskure mai lamba 190 ya fito, na sake bin hanyar daga farko. Ba wai ka bar X ba tunda dillalanku na can, amma ka haɗa biyun yadda manomin da ke ƙauye shi ma zai ga farashin kafin ya ɗora kaya a mota.

Sakataren_Albasa, Aliero

Jama'a ya hau! Na koma tsohon app ɗin na sake makullansa, amsa ta dawo 201 kuma ga saƙon a shafi, har wani dillali ya kira ya ce ina munka shiga kwana shida. Malama, Baba, Ɗan Jega, ban san da wane baki zan gode maku ba, Allah Ya jiƙan mahaifa. Abu Mafara maganarka gaskiya ce kuma zan kai ta gaban shugabanmu, manoma su ne sunka fi buƙata.

Saura ƙananan abu biyu. Da nake cikin kod ɗin na gyara gaisuwar da ke saman saƙo na rubuta sunan ƙungiya da ƙ mai lanƙwasa, sai ta fito da alamar tambaya a X, alamar naira ma haka, alhali sunayen da ke cikin gidajen Excel sun fito daidai. Na biyu, na sake dannawa don in gwada sai 403 ta dawo da maganar duplicate, gabana ya faɗi na ɗauka abin ya sake lalacewa.

Malama_Gusau

Madalla, barka. Na biyun ba lalacewa ba ce, X ba ya yarda a tura rubutu iri guda sak a jere. Amma gara da ka gani yanzu, don ranar da farashi bai motsa ba daga jiya zuwa yau za ka iya cin karo da shi. Ka sa kwanan wata a farkon saƙon, ya raba su, kuma dillali ya san na yau yake karantawa. Ka dai lura kar duka ya wuce harafi 280.

Na farkon kuma tagar rubuta VBA ce ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba, tun kana bugawa take mai da su alamar tambaya, gidajen Excel kuwa sun san su. Mafi sauƙi ka rubuta gaisuwar a wani gida, misali A1, makaro ya ɗauko daga can. In dole sai cikin kod, ChrW(409) shi ne ƙ, ChrW(599) ɗ, ChrW(595) ɓ, ChrW(8358) kuma alamar naira. Kuma in za ka sauka layi a cikin gida da Alt da Enter, ko ka sa alamar zance mai ƙafa biyu, ka fara gwadawa, in yaron bai sa abin da zai mai da saukar layin \n ba za ka ga 400.

Abu guda da ya dame ni tun ɗazu, na fahimci makullan cikin fayil ɗin suke zaune. Kana tura wannan Excel ɗin a guruf ɗin ƙungiya?

Sakataren_Albasa, Aliero

Ina turawa duk ƙarshen wata don lissafi, shafin makullan a ɓoye yake shi ya sa ban damu ba.

Malama_Gusau

Ɓoye shafi danna biyu ne a buɗe shi, kalmar sirrin VBA ma ba ta tsare wanda ya san hanya. Tunda ka sake makullan yau, waɗanda ke cikin tsofaffin fayilolin da ka tura sun riga sun mutu, wannan an huta. Daga yanzu na lissafin ka fitar da shi PDF ko ka kwafe shafin farashi kaɗai zuwa sabon fayil marar makaro, mai makullan ya tsaya a laftof da filash ɗinka. Sabon app ɗin da ka buɗe kuma ka goge shi tunda ba ka amfani da shi.

Sakataren_Albasa, Aliero

An gama Malama, na goge shi, gaisuwa ta koma A1 kuma ƙ ta fito da lanƙwasarta. Baba zan kashe laftof ɗin yau ta kwana in ga ko agogo zai riƙe, in bai riƙe ba zan shigo Birnin Kebbi ranar Asabar a canza batirin.